Katakon Wawa

Wawa sunan katakon ne, ba sunana ba.
Daga Sokoban ake sauke shi da asuba,
fari, marar nauyi, da ƙanshin danshi.
Ni ne Mutawakilu na Aboabo,
shekara goma sha tara ina ba shi siffa.

Shan-inna ta ci ƙafafuna tun ina goye,
ta ƙoshi a nan, ba ta haura sama ba.
Hannuwan da ke tura kekena kan gangaren Asawase
su ne ke jan zarto,
kuma ƙusa ba ta taɓa tambayata
a tsaye nake ko a zaune
kafin ta shige.

Da Alhaji Sallau zai nemi kwangila,
bencin makarantun gwamnati dubu biyu,
sai ya saya mana riguna shuɗɗa.
Aka jera mu a gaba, ni da Labaran kurma mai fenti,
masu ƙafa da kunne can baya.
Aka ce mu yi murmushi. Muka yi.
Hoton ya hau bene hawa uku,
ya shiga ofishin da ban taɓa ganin ƙofarsa ba,
ya sauko da sa hannu da hatimi.

Juma'a bayan la'asar
akawu Boakye ya lashi yatsa, ya buɗe littafi.
Bencin Issaka, sidi arba'in.
Bencina, ashirin da biyar.
Na ce ko ƙafa uku na yi masa?
Bai ɗago kai ba.
Alhaji ne ya dafa kafaɗata a hankali:
"Ai taimakonku muke yi, wa zai ɗauke ku?"
Na ce, Alhaji, sadaka a ƙofar masallaci ake bayarwa,
nan shago ne,
kuma gumin nan ba aro na yi ba.

Mai wake da shinkafa ba ta rage mini kuɗin kwano.
Mai gida bai san gurgu ba ranar haya.
Yaron mota ma kuɗin mutum biyu yake karɓa,
ni da kekena,
har Kejetia.
A littafin Boakye kaɗai nake raguwa.

Mai duba aiki ya zo ran Talata da farar mota.
Ya zauna kan benci, ya jijjiga,
ya sake zama kan wani, ya jijjiga,
ya shafa fentin Labaran kamar mai zaɓen atamfa.
Bai iya cewa wannan na wane ne ba.
Gwamnati ta biya kowane benci cif.
To, sha biyar ɗina fa?
Tsakanin bene da shago, a wane lungu ta faɗi?

Labaran ba ya ji, amma yana ƙirga.
Ya nuna mini yatsu, ya nuna aljihunsa,
ya juya tafin hannu sama.
Ban taɓa jin magana mai ƙarfin wannan ba.

A ƙarƙashin kowane benci nawa
nakan zana ɗan keke da bakin ƙusa,
ƙafa uku, kamar ƙwayar gyaɗa girmansa.
Jiya Memuna ta dawo daga makaranta da gudu,
wai alƙalaminta ya faɗi, ta sunkuya,
ta ga kekena.
"Baba, a kan aikinka muke zaune, mu uku,
ko motsi ba ya yi!"

Ban ce mata komai ba.
Na jawo guntun wawa daga ƙarƙashin gado,
inda nake ja da fensir tun farkon aiki.
Benci ɗari uku da goma sha biyu,
kowanne da sha biyar.
Ta yi lissafin, don ta fi ni sauri.

Ran Litinin ni da Labaran za mu je gindin benen nan,
cikin rigunanmu shuɗɗa, don su gane mu.
Ba zan iya hawa ba.
Zan riƙe katakon a cinya, in jira
har wanda ya buga hatimi a kan murmushina
ya sauko ya karanta.